Tayin Uwar Duwatsu

A bayan dutsen Kwaranga, can gabas da ƙasarmu ta Gazari, akwai wani suri mai tsawon mutum uku. Idan hantsi ya ɗaga inuwarsa takan tsage gida biyu, kuma duk wanda ya taka tsakanin nan da ƙafar hagu sai ya tsinci kansa a ƙasashen aljannu. Ni Nomau mafarauci na gano haka ina bin sawun gada. Sau biyu na shiga na fito da raina. Ku gyara zama ku ji, don yau ba wanda zan rufa wa asiri, har da ni kaina.

A shekarar da zan ba ku labarinta ne yaƙi ya ɓarke tsakaninmu da maƙwabtanmu mutanen Bauje, a kan tafkin kanwa da ke bakin iyaka. Su mutanen Bauje ba su tsaya wasa ba, tun kafin a buga gangar yaƙi suka je suka ƙulla da aljannun wuta, aka ba su kibau masu ci da wuta, waɗanda in sun soki mutum sai su komo cikin kwarin mai su. Da waɗannan suka ƙetaro kogi, suka yi wa garinmu na Tungar Kanwa ƙawanya. A cikin garin nan 'yata Hurera take aure, da jaririnta ɗan wata huɗu wanda ban ko taɓa ɗauka ba. Wani mahaƙin kanwa ya sulalo ya kawo saƙo fada cewa hatsin da ke rumbunan garin na kwana arba'in ne, in an tsimi ciki.

Aka kira ni fada don an san na san hanyar aljannu. Na durƙusa a bakin ƙofa ina jin abin da manya ke faɗa, kuma wallahi da kunnena ya toshe da ya fi mini. Sarki ya tambayi Kaura, shugaban yaƙinsa, mutum nawa gare mu. Kaura ya gyara rawani ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ai ba su ƙirguwa. In na ce su yi tari gaba ɗaya, sai ganuwar Bauje ta zube."

Fadawa suka ɗauka, "Gaskiya ne! Haka yake!"

Ƙarya ce tsagwaronta. Ni na ratsa sansanin da safen nan. Ba su kai ɗari takwas ba, rabinsu kurkunu ya kama su a ƙafa, wasu bakansu ko tsarkiya babu. Amma a fadar Gazari mai faɗin adadi na gaskiya shi ne marar kunya. Duk da cika bakin nan, can ƙasa-ƙasa kowa a tsorace yake, don haka aka yanke a aika neman gudummawa wurin sarakunan aljannu. Kwana uku cur suka kwashe suna gardamar wace riga jakada zai sa. Ina zaune ina cizon yatsa, kwanakin Hurera na zubewa.

Wanda aka zaɓa shi ne Turaki Bagudu, don wai duk ƙasar ba wanda ya kai shi sanin ladabi. To ku san wani abu game da mu. A Gazari, in an yi maka tayi ba ka karɓa da fari. Ko yunwa na murɗa maka hanji, aka ce bismilla, sai ka ce ka ƙoshi. A sake, ka ce ai yanzu ka tashi daga kan akushi. Sai a na uku, bayan mai gida ya haɗa ka da Allah, sannan ka miƙa hannu kamar an tilasta ka. Da wannan ake gane ɗan asali a wurinmu. Shi kuwa Turaki, an ce ya taɓa kai wa tayi na bakwai kafin ya sha ruwa a gidan surukansa, kuma har waƙa aka yi masa a kai.

Muka tashi mu biyu da jakuna uku. Biyu na ɗauke da adakokin rigunansa, ɗaya na ɗauke da guzurinmu. Ran kwana na shida da zuwan saƙon mahaƙin kanwa muka isa surin, inuwa ta tsage, muka taka.

Abin da muka fara tararwa kogi ne na rairayi, yana gudu yana ruri, ba ɗigon ruwa a cikinsa. Wani kada mai gemu fari ya ɗago kai daga ciki ya ce, "Ya ku 'ya'yan Adam, ni ne mai fito a nan. Bayana ba ya ɗaukar jaki uku. Ku bar ɗaya, ku hau da biyu."

Na kama igiyar jakin riguna zan sake shi, Turaki ya daka mini tsawa. "Kai mafarauci, kana hauka ne? Da me zan shiga gaban sarakuna, da warki?" Ya kori jakin guzuri da kansa. Tun daga ranar abincinmu ya koma abin da na harbo, shi kuwa kullum sai ya sauya riga kafin ya zauna ya cinye rabona.

Daga nan muka shiga wani kurmi wanda itatuwansa ke tafiya. In ka tsaya sai su matso su matse ka, don haka kwana biyu muna sassarfa, ina ja da jakuna, ina ja da Turaki. Muka haye wani tudu inda tsuntsaye masu fuskar tsofaffi suka riƙa bin mu suna kiran sunayen matattunmu, duk wanda ya amsa ba ya sauka. Na cusa wa Turaki auduga a kunne, don na san shi da son amsa gaisuwa. Ran kwana na goma sha ɗaya muka hango Birnin Iska yana lilo a sama, ba abin da ya riƙe shi.

Guguwa ta ɗauke mu ta dire a gaban Sarkin Iska. Ba ka ganin jikinsa, sai rawani da alkyabba suna tsaye da kansu. Turaki ya zube ya kwashi gaisuwa wadda ta kai rabin yini, sannan ya faɗi abin da ya kawo mu.

Sarkin Iska ya ce, "Ya kai jakadan Gazari, labarinku ya iske mu, kuma ya girgiza mu. Abin da Bauje ta yi zalunci ne bayyananne. Ku sani muna tare da ku, yau da gobe da jibi. Za mu kira taro."

Aka kira taron. Kwana bakwai aljannu na tashi ɗaya bayan ɗaya suna la'antar Bauje, wasu har da kuka, ana kawo musu abin sha suna jiƙa maƙogwaro suna ci gaba. Tir da wannan taro! Ran na bakwai na kasa daurewa, na ce daga inda nake tsugune, "Ranka ya daɗe, mayaƙa nawa za ku ba mu?"

Turaki ya juyo ya zabga mini harara, ya ce cikin haƙora, "Talaka ba ya magana inda mai sarauta ke tsaye. Ka ƙara, in mun koma sai an yanke maka harshe."

Sarkin Iska ya ce, "Mayaƙa kuma? Ya ɗan Adam, mu ba ma shiga faɗan maƙwabta. Amma ga abin da ya fi mayaƙa." Aka miƙo wani gora a toshe. Wai tafin da aka yi mana ne a taron aka ɗura a ciki, mu kai wa mutanenmu su ji ƙarfin gwiwa. Turaki ya ƙi karɓa sau biyu, suna ta tura masa don su rabu da mu, ya karɓa a na uku yana murmushi har kunne.

Muka sauka muka bi wani kwari wanda ƙasarsa ke da zafi kamar tanda, har kofaton jakuna na hayaƙi. Kwana uku muka isa Birnin Tagulla, garin aljannu maƙera, inda ƙarar uwar maƙera ba ta tsayawa. Sarkinsu gajere ne mai hannu shida, kowane hannu da guduma. Da ya ji buƙatarmu ya ce, "Mu ba mutanen surutu ba ne irin na sama. Mu aiki muke yi." Raina ya yi fari, na ce yau an zo wurin maza.

Ya sa aka kawo takubba ɗari. Ya zare ɗaya ya sari dutse, dutsen ya rabe kamar kabewa. Sannan ya mayar kube ya ce, "Ga su, naku ne. Sai dai akwai sharaɗi kaɗan. Ba za su fita daga kube ba sai dattawanmu tara sun yarda, kuma dattawan sukan zauna sau ɗaya a shekara. Ba a nuna tsininsu yamma."

Turaki ya ce, "Allah ya taimake ka, ai Bauje a yamma take."

"Mun sani," in ji Sarkin Tagulla. "Wurinsu muke samun gawayi. Ba ma so a ce da ƙarfenmu aka taɓa su, kada abin ya yi girma."

Kun ji fa! Takobin da ba ya fita kube, ai gara muciya. Amma Turaki ya yi ta zuba godiya, ya ce tarihi ba zai manta da wannan karamci ba. Kwana shida muka ƙara ana bikin miƙa takubban, da kiɗa da jawabai. Ni kuwa kowace safiya in na buɗe ido sai in ga fuskar Hurera, in lissafa abin da ya rage a rumbu.

Saura ƙasa ɗaya, wadda ban taɓa shiga ba, ƙasar Uwar Duwatsu. Hanyarta ta bi ta kan wata gada siririya kamar igiyar guga, ƙarƙashinta rami ne wanda in ka jefa tsakuwa ba ka jin faɗuwarta. Na ɗaure wa jakuna ido na ja su, na komo na goya Turaki, yana bayana yana yi mini faɗa wai ina yamutsa masa riga. Muka wuce wani fili inda inuwoyinmu suka tsere suka bar mu, sai da muka yi yini muna bin su kafin suka yarda suka dawo. Ran kwana na talatin da uku muka tsaya a ƙofar wani kogo wanda bakinsa ya fi ƙofar birninmu sau goma.

Mai gadin ƙofar wani baƙin dutse ne mai ido ɗaya. Ya ce, "Ya ku baƙi, ku ji kafin ku shiga. Uwarmu ba ta maimaita magana. Abin da ta tambaya sau ɗaya take tambaya, abin da aka amsa shi ne amsa."

Turaki ya yi dariya ya raɗa mini, "Ka ji salon nasu ladabin. Kowane gida da irin abin da suke faɗa wa baƙo." Ni ma, Allah ya sani, ban ɗauki maganar da nauyi ba.

Muka shiga. Uwar Duwatsu na zaune, tsohuwa ce wadda kanta ke taɓa rufin kogon, gansakuka ta fito mata a kafaɗu, muryarta kuwa a ƙirji kake jin ta kafin kunne. Turaki ya fara gaisuwarsa, ta ɗaga yatsa ɗaya ta tsayar da shi.

"Na san abin da ya kawo ku," in ji ta. "Aljannun wuta abokan gabana ne tun kafin a halicci kakanku, kuma ba na so su kafa ƙafa a bakin tafkin nan. Ba don ina ƙaunarku ba ne, kada ku ruɗi kanku. Ku duba."

Ta buga tafin hannunta a ƙasa. Bangon kogon ya buɗe, sai ga fili iya ganinka, cike da mayaƙan dutse a jere, kowane ya kai tsawon giginya, kowane da kulki kamar turmi. Suka ɗaga ƙafa suka dire gaba ɗaya, sai da na faɗi zaune. Ta sa aka harbi ɗaya da kibiyar wuta, kibiyar ta karye a ƙirjinsa kamar tsinke.

"Dubu goma sha biyu ne," in ji ta. "Ba sa ci, ba sa sha, ba sa gajiya. Ba na neman komai a hannunku. In kun ce e, gobe kafin la'asar suna ƙofar Tungar Kanwa. Ya jakadan Gazari, kuna buƙatarsu?"

Jama'a, saura kwana bakwai a rumbu. Hawaye ya cika mini ido don murna, na ce a raina Hurera ta tsira.

Turaki ya gyara alkyabba, ya yi gyaran murya, ya sunkuyar da kai gefe kamar yadda ake yi a gidan surukai. Ya ce, "Haba, ranki ya daɗe, wace irin ɗawainiya ce wannan? Ai mu Gazari alhamdu lillahi, mayaƙanmu ba su ƙirguwa. Zumunci kawai ya kawo mu. Kada ki wahalar da bayinki saboda mu. Mun gode, mun gode."

Tsohuwar ta dube shi jim kaɗan. Sannan ta juyo da idon nan nata kaina. "Kai mai baka, na ga idonka da ruwa. Kai fa, me ka ce?"

Ga inda nake so ku tofa mini yawu. Ba wanda ya rufe mini baki. Barazanar Turaki ma ba ita ta hana ni ba, don a lokacin ko tuna ta ban yi ba. Abin da aka raine ni da shi ne ya riga ni magana. Babba ta yi mini tayi, a gaban mai sarauta, karo na farko, sai na ji kaina ya sunkuya da kansa, bakina ya ce, "Mun gode, ranki ya daɗe." Ina durƙushe ina jiran ta sake tambaya, har na shirya yadda zan ce e a na biyu, ba sai an kai na uku ba. Wai ni a nan mai gaggawa ne!

Ta ce, "To."

Ta sake buga ƙasa. Mayaƙan nan dubu goma sha biyu suka fara nutsewa a tsaye, gwiwa, ƙugu, ƙirji, har ƙasa ta rufe kawunansu. Filin ya koma fili.

Na yi kururuwa na faɗi a gabanta ina birgima. "Muna so! Wallahi muna so! Ƙarya muka yi, ba mu da kowa, mutum ɗari takwas ne da kurkunu! 'Yata na ciki da jariri! Ki dubi Allah ki sake tambaya!"

Ta ce, "Ya ɗan Adam, na tambaya, kun amsa, ku biyu. Waɗanda na sallama ba sa farkawa sai bayan shekara ɗari, ko ni ba ni da ikon ta da su. Da ka faɗi wannan ɗazu, da yanzu suna hanya. Ku fita."

A waje Turaki ya kakkaɓe rigarsa, ya ja tsaki. "Ka ga tsohuwa marar tarbiyya? Tayi ɗaya tak, sai ka ce ana ba kare! Ai gara da ba mu karɓa ba. Kai kuma ka zubar mana da mutunci, kana birgima kamar jaki." Na ɗora hannu a kan wuƙata. Abin da ya hana ni shi ne na san in na yanka shi, adalci sai in yanka kaina.

Kwana goma sha ɗaya muka yi a hanyar komowa. A fada aka tarbi Turaki da algaita. Ya ba da labari yadda ya ƙi zubar da girman Gazari a gaban aljana, fadawa na cewa, "Ɗan asali! Haka ake yi!" Aka buɗe goran Sarkin Iska, tafi ya cika fada raf-raf-raf na ɗan lokaci ya mutu, Sarki ya ji daɗi ƙwarai. Aka raba wa jarumai takubba, suka yi ta ja har jijiyar wuya ta tashi, ba wanda ya fita. Kaura ya ce ba komai, ganinsu kawai zai sa Bauje zawo, kuma nasara tamu ce kafin kaka. Aka ƙara wa Turaki alkyabba. Ban tsaya ganin ƙarshen shashancin ba, na saɓi bakana na yi yamma.

Ran kwana na arba'in da bakwai, da hantsi, na isa Tungar Kanwa. Ƙofar garin a buɗe take. Sun kai kwana arba'in da biyar, sun ci dusa, sun ci fatun shimfiɗa, sannan suka buɗe. A bakin kogi na tarar da mutanen garin a jere, an ɗaure su da igiya ɗaya, ana loda su a jirage zuwa Bauje. Wani mayaƙin Bauje ya tare ni da mashi. Na ajiye bakana a ƙasa na ce 'yata nake nema. Ya dubi furfurata ya kauce.

Da ƙyar na gane ta. Ta rame har zanenta ya zagaye ta sau biyu. Na duba bayanta, ba goyo.

"Hurera."

Ta ɗago. "Baba? Ka dawo?" Ta leƙa bayana, ta leƙa hanyar da na fito. "Kullum sai na hau ganuwa in duba gabas. Ina ce wa mutane su ƙara haƙuri, babana ya san hanya. Saboda maganata suka ƙara kwana biyar."

"Ina yaron?"

"Nonona ya ƙafe. Ranar Talata muka binne shi, kusa da ubansa." Ta faɗi haka ba kuka, kukan ya riga ya ƙare. "Baba, aljannun ba su ba ku kowa ba ne?"

Da na so, da na ce sun hana, kuma da ta yarda. Amma na gaji da ƙaryar Gazari.

Na ce, "Sun ba mu. Dubu goma sha biyu."

"To ina suke?"

"Mun ce mun gode."

Ita ma 'yar Gazari ce, ni na raine ta, ba ta buƙatar a yi mata bayani. Na miƙa hannu zan kama nata, ta janye shi ta rungume a ƙirji. Aka ja igiya, layi ya motsa, ta shiga jirgi tare da sauran. Na tsaya a bakin ruwa ina kiran sunanta har jirgin ya kai wancan gaci, ba ta waiwayo ba.